Takardar Kwana 60: Lasin Tuƙi da Baƙin da Ke Cikinmu

Jawabin da kwamitin jin daɗin membobi ya gabatar a gaban limamai da dattawa a Sabon Tasha, Kaduna. An buga shi a nan saboda roƙon waɗanda ba su sami halarta ba.

  

Maganar da muka kawo, wani zai ce ba ta kai a shimfiɗa ta gaban dattawa ba. Maganar lasin tuƙi ce, musamman wannan takarda ta wucin gadi da ake ba mutum kafin katinsa ya fito, da kuma halin 'yan'uwanmu da suka zo daga Nijar, Cadi da Kamaru, waɗanda lasinsu yake rataye a kan takardar zamansu a ƙasar nan. Amma ku dubi benci-bencin majami'unmu ranar Lahadi. Tun da masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma ta tsai da aiki a 2007, magidanta nawa ne suka koma kan sitiyari? Wannan yana jan bas, wancan yana jan keke, wani tifa yake tuƙawa yana ɗiban yashi, wani motar makaranta. Da kuɗin tuƙin nan ake cefane, da shi ake biyan kuɗin makarantar yara, daga cikinsa ake fitar da baiko da zakka. Ranar da aka tsare motar magidanci saboda takarda, ranar tukunya ba ta hau murhu ba a gidansa, kuma ƙarshenta maganar gaban dattawa take zuwa, a matsayin roƙon taimako.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a nan kudancin kogi. Bayan rikicin watan Fabrairu na 2000 da na Nuwamba 2002, da yawa daga cikinmu sun ƙetaro gada da rigar jikinsu kaɗai. Takardun haihuwa, katin baftisma, takardun makaranta, tsohon lasin, duk wuta ta cinye. An sake yin wasu cikin gaggawa, an rubuta shekarun da aka ga dama. A lokacin babu mai tambaya. Yau kwamfuta tana tambaya.

Mun karanta Nehemiya sura 2 da safen nan. Ku tuna, bayan da Nehemiya ya yi addu'a, sarki kuma ya yarda ya sake shi, bai tashi haka nan ba. Ya roƙi sarki wasiƙu zuwa ga masu mulkin Ƙetaren Kogi domin su bar shi ya wuce har Yahuza. Mutum ne mai addu'a da azumi, hannun Allah yana tare da shi, duk da haka ya nemi takarda, ya kuma nuna ta inda aka tsai da shi. Mu ma kullum muna ƙetare kogi zuwa Kawo, Mando da babbar kasuwa. To, bari mu bi maganar daga tushe.

Hukumomi uku ne suke da hannu a lasin tuƙi a Nijeriya, rashin sanin wannan ne yake sa mutane yawo. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, da aka kafa a 1988. Ita take ɗaukar hoto da zanen yatsu, ita take riƙe da sunayen direbobi duka, ita take buga katin. Akwai jami'an gwajin tuƙi na jiha, da muka saba kira VIO, su ne suke tabbatar da cewa mutum ya iya mota. Sai hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, wadda kuɗin lasin yake bi ta hannunta, ta wurinta kuma katin yake isowa ga mai shi. Wanda zai yi lasin karon farko dole ya kai shekara 18, ya shiga makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya cika darasi 26, ya sami takardar shaida. Daga nan a gwada shi, ya cika fom a intanet, ya biya, sa'an nan ya je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da yatsunsa. Mai sabuntawa ba ya komawa makaranta, da lambar tsohon lasinsa da ranar haihuwarsa zai cika fom. Lasin na shekara 3 ne ko na shekara 5. A watan Yuni na 2025 an sa kuɗin na mota naira 15,000 na shekara 3, naira 21,000 na shekara 5, na babur da keke kuma naira 7,000 da 11,000. Kuɗin makarantar tuƙi da na gwaji dabam ne. Mun faɗi waɗannan lambobi domin in wani ya ce muku ku kawo dubu 60 ya gama muku kome, ku tambaye shi lissafi.

Tun watan Disamba na 2020 aka ƙara sharaɗi guda: ba a yin lasin, sabo ko sabuntawa, sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan an ɗauki hoto da yatsu, abin da aka daɗe ana yi shi ne a ba mutum lasin wucin gadi mai wa'adin kwana 60. Manufar ita ce kafin kwanakin su cika, an bincika sunansa a babbar ma'ajiya, an tabbatar ba shi da wani lasin da wani suna, an buga katin an aiko. Cikin kwanakin nan takardar lasin ce cikakkiya, yana iya nuna ta ga jami'in FRSC, ko ɗan sanda, ko jami'in KASTLEA. Abin da ya faru shekara da shekaru kowa ya sani, hukumar da kanta ta amsa shi a bainar jama'a: katunan sun yi ta makara, kwana 60 ya zama wata 6, wani lokaci ya wuce shekara. A watan Oktoba na 2025 shugaban hukumar, Shehu Mohammed, ya yi shelar sabon tsari da zai sa a riƙa ba da kati nan take a daina ba da na wucin gadi. Muna addu'a Allah ya sa ya tabbata ko'ina. Amma har yanzu akwai 'yan'uwa a cikinmu da tsohuwar takardar nan take cikin aljihunsu, ta yi laushi kamar tsumma, kwanakinta sun ƙare tun bara.

Ga shawararmu gare su. Kada ku zauna kuna jiran a kira ku a waya. Ku koma cibiyar da aka ɗauki hotonku, wato inda kuka fara, ba wata ba, ku tambaya ko katin ya iso. Sau da yawa hukumar ta yi shela cewa dubban katuna suna jibge a ofisoshin jihohi babu wanda ya zo karɓa. Mai yiwuwa naka yana cikinsu, kai kana ta ɓuya wa jami'ai a hanya, katinka yana kwance cikin akwati yana cinye shekarunsa. In bai iso ba, ku nemi a duba dalili a kwamfuta, ku kuma roƙi a sabunta muku wa'adin takardar da hatimin ofis. Ku je kafin kwana 60 su cika. Mai zuwa da takarda mai rai tambaya yake yi, mai zuwa da matacciya roƙo yake yi. Rasidin biyan kuɗi kuwa, ku ajiye shi inda kuke ajiye takardar fili.

In takardar ta ɓata, ko an sace walat, ko ruwan sama ya cinye ta, hanyar ita ce ta sake fitarwa. A je ofishin 'yan sanda a karɓi takardar rahoto, a je kotu a yi takardar rantsuwa, a kai su cibiyar tare da lambar lasin. Don haka muke roƙon kowane direba, yau ɗin nan, ya rubuta lambar lasinsa a wani wuri a gida, ya ba uwargida hoton takardar ta ajiye. Abu ɗaya da ba za ku yi ba shi ne ku je ku fara sabon lasin kamar ba ku taɓa yi ba. Yatsunku suna cikin ma'ajiya. Kwamfuta za ta ga mutum ɗaya da nema biyu, sai ta riƙe duka biyun, warware wannan kuwa ya fi ɓatan takardar wahala.

Yanzu dillalai. A bakin kowane ofishin lasin akwai su, wasu ma da Littafi a hannu suna ce maka ɗan'uwa. Alamar gane na jabu guda ce, ba ta da wuya: duk lasin da aka kawo maka gida ba tare da an taɓa ɗaukar hotonka da yatsunka a cibiya ba, na jabu ne, kome kyan robarsa. Wani ɗan'uwa a ɗaya daga cikin ikkilisiyoyinmu ya ba wani dillali kuɗi da ƙaramin hoto, bayan mako biyu aka kawo masa kati mai sheƙi. Ya yi shekaru yana tuƙi da shi. Sai da ya sami aikin direba a wani kamfani, aka duba lambar, aka ga babu ita ko'ina. Aikin ya tafi, ya kuma dawo makarantar koyon tuƙi da furfurarsa. A jadawalin dokar FRSC ta 2007, tarar laifin lasin naira 10,000 ce, ta takardun jabu 20,000, wanda kuma ya yi ƙoƙarin ba jami'i na goro shi ma laifi ne mai tarar kansa. Wannan na ƙarshe bai kamata a tuna wa mai bi da shi ba, amma mun san abin da ake naɗewa a cikin takardun mota a miƙa ta taga. Mun kuma san wasu da suke yin haka ranar Asabar suna karɓar baiko ranar Lahadi.

Akwai matsala guda da ta fi damun mu Kirista masu jin Hausa fiye da kowa, ita ce ta suna. Mutum ɗaya, a katin baftisma Yohanna ne, a takardar firamare John ne. Bulus a gida, Paul a banki. Iliya ya zama Elijah, Dauda ya zama David, Saratu ta zama Sarah. Wani kuma sunan kakansa na yare ne a wata takarda, sunan mahaifinsa a wata. Mu mun san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta sani ba. Idan sunan da ke kan tsohon lasin ya saɓa da na NIN, ko ranar haihuwa ta bambanta da kwana ɗaya, nema yakan tsaya cik, mutum ya yi ta zargin ofis alhali matsalar tana cikin takardunsa. Kafin ku biya ko kwabo, ku shimfiɗa takardunku a tebur, NIN da tsohon lasin da na banki, ku sa yaro mai ido ya karanta su harafi harafi. In akwai saɓani, a fara gyara a hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC. Gyaran ranar haihuwa ya fi gyaran suna tsada nesa ba kusa ba, ya kuma fi ɗaukar lokaci. Iyayenmu limamai, a nan kuna da aiki: ranar sa suna da ranar baftisma, a rubuta sunan yaro daidai yadda yake a takardar haihuwarsa. Littattafan rajista na majami'u kuma a fitar da su daga inda gara take ci, gama ga wasu membobi su ne kaɗai shaidar da ta tsira daga wutar 2000.

Mun zo kan baƙinmu, kuma a nan muke so mu daɗe.

A cikin ikkilisiyoyinmu akwai 'yan'uwa daga Maraɗi, Tsibiri, Galmi da Dogon Dutsi. Wasu sun zo neman abinci, wasu sun zo bayan ƙone-ƙonen majami'u da aka yi a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015. Akwai mutanen kudancin Cadi da suka daɗe a nan tun zamanin yaƙe-yaƙen ƙasarsu. Akwai 'yan Kamaru da rikicin yankin masu jin Turanci ya koro tun daga 2017. Hausarsu kamar tamu, wasu ma ta fi tamu. Suna cikin ƙungiyar mawaƙa, suna cikin dattawa. Shi ya sa mukan manta, su ma sukan manta, cewa a idon doka baƙi ne.

Ga yadda igiyar take. Lasin yana rataye a kan NIN. Dokar NIMC ta 2007 ta ce ana ba da lambar ga ɗan ƙasa, da kuma baƙon da yake zaune bisa doka, ko zaman dindindin ko na shekara biyu zuwa sama. Ke nan baƙo yana da hakkin samun NIN a matsayinsa na baƙo, kuma samun lambar bai mai da shi ɗan Nijeriya ba. Amma sai ya nuna fasfo da takardar izinin zama daga Hukumar Shige da Fice. In takardar zaman ta mutu, ko ba a taɓa yin ta ba, igiyar ta tsinke daga sama, ko da lasin da ke aljihu bai ƙare ba tukuna. Lasin shaida ce cewa ka iya tuƙi. Ba ya ba kowa izinin zama a ƙasa.

Takardar zaman kuwa ba iri ɗaya ba ce ga kowa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suke kira CEDEAO, ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza ya zauna har kwana 90. Kwana 90, ba shekara 20 ba. Wanda zai wuce haka, akwai katin zama na ECOWAS da ake nema a Hukumar Shige da Fice. Cadi da Kamaru ba sa cikin ECOWAS, ba su taɓa shiga ba. Mutanensu takardar da ake kira CERPAC ce ta hau kansu, kuɗinta da dalar Amurka ake lissafa shi, ya fi ƙarfin direban keke. Wanda ya zo gudun hijira hanyarsa dabam ce, ta hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, wadda take yi masa rajista ta ba shi katin shaida. Kada a haɗa waɗannan ukun wuri ɗaya, domin shawarar da ta ceci ɗan Maraɗi tana iya jefa ɗan Cadi cikin rami.

Ga 'yan Nijar kuma ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu, a bar su su shiga su zauna kamar da, sai an sanar da wani abu dabam. Ku lura da wannan kalma ta ƙarshe. Abin da a da hakki ne na yarjejeniya, ya koma alfarma da ake iya janyewa da sanarwa ɗaya. Dattawan da suka kai shekaru sun ga watan Janairu na 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, mutane fiye da miliyan ɗaya suka kama hanya da kaya a ka. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia a Gana ta yi wa 'yan Nijeriya irin wannan. Ba muna tsoratar da kowa ba ne. Muna cewa da sauran rana ake shanya. Ɗan'uwan da takardarsa take da rauni ya je Hukumar Shige da Fice da ƙafarsa, da wani dattijo a gefensa, ya tambayi matsayinsa a yau.

Wani abin farin ciki shi ne, da yawa da suke ɓuya ba su da dalilin ɓuya. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yancin kai, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Yaron da ubansa mutumin Tsibiri ne, uwarsa 'yar Kaciya ko Zonkwa, ɗan Nijeriya ne cikakke, ba alfarma aka yi masa ba. A watan Janairu na 1980 gwamnatin tarayya ta kwashi Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, ta kai shi Cadi da cewa baƙo ne. Kotu ta ce ɗan Nijeriya ne, ya dawo gida. Amma a ɗaya gefen, haihuwa a Kakuri ita kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa in iyayensa da kakanninsa duka baƙi ne. Sashe na 26 ya buɗe ƙofar rajista ga baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya, bai buɗe ta ga baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba. A ganinmu wannan ba adalci ba ne ga 'ya'yanmu mata, amma haka dokar take. Sashe na 27 kuma ya sa zaman shekara 15 cikin sharuɗɗan neman zama ɗan ƙasa. Manzo Bulus ya san matsayinsa a dokar Roma, ya kuma faɗe shi a fili a Filibi da Urushalima lokacin da ya dace, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 16 da 22 suka nuna. Kowane gida ya zauna ya san nasa.

Iyayenmu dattawa, ku gafarce mu, yanzu maganar ta zo kanku. Hanyar da ta fi sauƙi ga baƙo ita ce ya ce shi ɗan wata ƙaramar hukuma ce ta kan iyaka, ya sayi takardar asali, ya yi NIN a matsayin ɗan ƙasa, lasin ya fito ba gardama. Sau da yawa kuma yakan zo wurin limami ko magatakardan ikkilisiya ya ce, “Baba, a taimake ni da wasiƙa, a ce ni ɗan wuri kaza ne.” Tausayi yakan kama mu. Mun san shi, mun san 'ya'yansa, mun san ba ɓarawo ba ne. Littafin Firistoci sura 19 ya umarce mu mu ƙaunaci baƙo kamar kanmu, kada mu zalunce shi. Amma wannan sura ɗin dai ita ce ta hana ƙarya da rantsuwar ƙarya. Wasiƙar nan ba taimako ba ce. Da zarar ya ɗora yatsunsa a kan bayanin ƙarya, ya ɗaure kansa da shi har mutuwa, 'ya'yansa kuma za su gina nasu takardun a kai. Ranar da abin ya tonu, shi za a kama da laifin ƙarya ga hukuma, hatimin ikkilisiya kuma yana jikin fayil ɗin.

Ku tuna kuma da 'yan'uwanmu Hausawa Kirista na Katsina, Kano da ƙasar Zazzau, waɗanda kakanninsu suke kwance a ƙasar, amma sun daɗe suna kukan wahalar samun takardar asali saboda sunan da ke kan fom. Idan muka je yi musu shaida, abin da muke da shi a hannu shi ne a yarda cewa wasiƙar coci gaskiya take faɗa. Kowace wasiƙar ƙarya da muka sa wa hannu, daga hakkinsu muka yanka. Abin da za mu iya rubutawa da zuciya ɗaya shi ne abin da muka sani: wane memba ne a nan tun shekara kaza, yana zaune a unguwa kaza, sana'arsa kaza, halinsa kaza. Irin wannan wasiƙa tana da amfani a ofis, mu ba da ita da sauri ba tare da ja masa rai ba.

A taƙaice mu taɓa 'ya'yanmu da ke waje, gama iyaye da yawa sun tambaye mu. A can su ne baƙi. A Amurka dokar REAL ID ta 2005 ta sa lasin mai zaman wucin gadi, kamar ɗalibi ko ma'aikaci, ya ƙare tare da izinin zamansa, ana kuma rubuta hakan a fuskar katin. In ya sami sabon izini ko katin zaman dindindin, sai ya kai wa ofishin lasin na jiharsa a canja masa, ba ya canjawa da kansa. A Ingila sabon zuwa yana iya tuƙi da lasin Nijeriya wata 12 kaɗai. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasinsu kai tsaye, saboda haka sai ya nemi lasin koyo ya ci jarrabawar rubutu da ta hanya. In kun yi waya da su, bayan kun tambayi lafiya da zuwa sujada, ku tambayi ranar da takarda za ta ƙare.

Saura motocin ikkilisiya. Bas ɗin da yake kai Zumuntar Mata taro a Kafanchan ko Jos, ran mutum 18 ne a hannun direba ɗaya. Lasin rukunin B na ƙaramar motar gida ne, bai haɗa da tasi ko bas mai ɗaukar fasinja ba. Na haya yana da nasa rukunin da nasa sharuɗɗan, har da takardar lafiya daga asibitin gwamnati. In haɗari ya auku, Allah ya kiyaye, direba kuma yana riƙe da takardar da ta mutu ko rukunin da bai dace ba, kamfanin inshora yana iya ƙin biya, nauyin kuma ya dawo kan ikkilisiyar da sunanta yake rubuce a jikin motar. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta kira direbanta cikin watan nan ta ga lasinsa da idonta, ta rubuta ranar ƙarewarsa a littafin magatakarda. In kuɗin sabuntawa ne ya gagare shi, ma'aji ya biya, gama aikin ikkilisiya yake yi.

Kwamiti zai riƙa zama kowace Lahadi ta farko a wata, bayan sujada ta biyu. Matasanmu masu ilimin kwamfuta sun yarda su duba takardu su cika fom kyauta. Ba za mu karɓi kuɗin kowa mu kai ofis ba, kowa zai biya da hannunsa ya riƙe rasidinsa. Ɗan'uwan da maganarsa ta shafi izinin zama ba sai ya tsaya a layi ba. Ya ga limaminsa a keɓe, limami zai haɗa shi da mutum biyu daga cikinmu, sunansa kuma ba zai shiga rahoton da muke karantawa a taro ba. Muna kuma neman lauya ko tsohon jami'in shige da fice daga cikin membobi da zai ba mu awa biyu a wata. Wanda Ubangiji ya taɓa zuciyarsa ya ga magatakarda kafin a tashi.

Shugaba, a nan muka tsaya. In akwai tambayoyi, muna nan.